Baba Tsoho da Littafin Matattu Masu Yawo

Rannan da hantsi na fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai na tarar da ɗan maƙwabciyata zaune a dakalin ƙofarmu, ya duƙufa a kan wani ɗan littafi har bai ji motsina ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda yake buɗa shi, ta wajen da mu ƴan lekkol, wato ƴan boko, muke kira baya. Na ce ya miƙo in gani. Zane ne baƙi da fari, mutane masu manyan idanu da gashi tsaitsaye. Ban san sa'ad da na kai shi hanci ba. Ƙamshin nan ne dai na takarda mai araha da tawada, wanda hannuwa da yawa suka taɓa. Yaron ya dube ni kamar wadda ta taɓu. Na mayar masa da abinsa na koma ciki, amma yinin ranar duka ba a gidan aurena na yi shi ba, a gidanmu na yarinta na yi shi.

Gidan haya ne a wata unguwa ta gefen Tamanrasset, inda mutanenmu na Nijar suka fi yawa. Ɗakuna ne na jar ƙasa kewaye da tsakar gida, da wata bishiyar ɓaure da ba ta taɓa yin ƴaƴan kirki ba. In ka hau saman katanga za ka hango duwatsu ta arewa, baƙaƙe da safe, jajaye da yamma. In ka juya, ga kori, wato busasshen kogin da ya ratsa bayan unguwar, fari fat da rairayi, inda muke wasa kusan duk shekara. Baba yana da shago a kasuwa, yana sayar da atamfa da lalle da turaren wuta. Inna tana gida. Sai Yaya, wanda ya girme ni da kaɗan amma yake ji kamar shi ya raine ni. Sai kuma iyayen Baba, Kaka da Baba Tsoho, waɗanda suka zo garin nan tun Baba yana ƙarami, a shekarar da fari ya kore su daga ƙasar Damagaram.

Baba Tsoho direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, a zamaninsa. Ya sha hanyar Agadas har ya san kowane tudu, yana kai dabino da taliya kudu, yana dawowa da tumaki. Ni dai ban riske shi yana tuƙi ba. Na buɗe ido na same shi a kan tabarma a gindin katangar gabas, inda rana ke fara sauka, da kaskon gawayi da ƴar butar shayinsa. Dogo ne, siriri, mai manyan tafukan hannu. Ni ce amaryarsa, kamar yadda kowace jika take wa kakanta. In na kawo masa kunu sai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, “Amarya, yau ma babu sukari? Wallahi sakin ki zan yi.” Ni kuma in ce ya sake ni mana, dama wa ke son tsoho. Sai ya yi dariya har tari ya kama shi.

A wani lokacin sanyi ne littafin ya shigo gidanmu. Wanda bai taɓa kwana a Tam, kamar yadda muke kiran Tamanrasset, cikin ɗari ba, ba zai gane ba. Ruwan da ya kwana a buta yakan yi kamar zai yanke maka yatsu, kowa yana bin rana kamar kadangare. Yaya ne ya aro shi wajen wani ɗan Larabawa da suke aji ɗaya, wanda wansa yake karatu a can arewa yana aiko masa. Labarin zane ne na mutanen Japan, an mai da shi Faransanci, kuma kashi-kashi ne, sai ka mayar da ɗaya a ba ka na gaba. Baba ba ya son hotunan gawa a gidansa, saboda haka sai ya tafi kasuwa muke fito da shi, mu raɓa kusa da tabarmar Baba Tsoho muna shan ɗumin kaskonsa. Ranar farko Baba Tsoho ya karɓa ya jujjuya, ya ga ta inda ake farawa, sai ya gyaɗa kai. Ya ce ashe mutanen nan ba mota kaɗai suka iya ƙerawa ba, sun ma san ta inda ake buɗa littafi, ta dama kamar na Larabci, ba irin na lekkol ɗinmu da ke farawa ta hagu ba.

Labarin wata cuta ce da ta faɗa wa wani babban birni. Wanda aka ciza sai ya mutu, in an jima ya tashi, yana tafe yana jan ƙafa, bai san kowa ba, kuma duk wanda ya kama sai ya cije shi. Mu dai matattu masu yawo muke ce musu. Mutane ƙalilan ne suka tsira, suka haye saman wata kasuwa mai bene, suna tara ruwan sama a bokiti, suna raba abincin gwangwani, suna rigima a kan wanda za a buɗe wa ƙofa da wanda za a bari a waje. Yaya wajen faɗa da gudu yake so. Ni kuwa jinin bai dame ni ba, na sha ganin yanka a Babbar Salla. Abin da ya tsaya mini a rai shafi ɗaya ne. Wata yarinya ta hango uwarta a bakin titi, ta ruga tana kiranta. Uwar ta waiwayo. Fuskar tata ce, har ɗan kunnen nata ne, amma idanun babu kowa a cikinsu.

Akwai kuma wani tsoho mai dafa taliya a cikin labarin. An ciji matarsa, sauran suka ce a gama da ita ko a jefa ta waje. Ya ƙi. Ya toshe lungun bayan shagonsa ta kowane gefe, ya ɗaura mata ƴar ƙararrawa a wuyan hannu, ya bar ta tana kai da kawowa a ciki. In ya ji ƙarar ya san inda take, masu rai su ma sun san inda za su kauce. Kullum da safe sai ya ajiye mata kwanon taliya, ko da yake ba ta ci. Yaya ya ce wawa ne.

Ba zan iya faɗa maka ranar da Baba Tsoho ya fara canjawa ba, don abin a hankali ya zo, kamar tsagewar katanga. Sai ya yi sallar azahar, ya shafa, an jima ya nemi buta ya ce lokaci zai wuce. Sai ya tambayi Inna ko an gama lodin mota. Wata rana ya zuba gawayi a butar shayi. Manya suna kallon juna, mu yara muna dariya, shi ma yana taya mu. Har ranar da na kawo masa kunu kamar kullum, na durƙusa ina jiran ya ce babu sukari. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana duba na. Sa'an nan cikin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo, ya ce, “Sannu yarinya. Ƴar gidan wa ce ke?”

Na ajiye kwanon na tashi. Ƙafafuna ne suka kai ni bayan ɗakin girki, na tsuguna. Idanun nan na gani, irin na shafin nan. A hankalin yarinta sai na haɗa biyu da biyu: cutar ta iso, kuma ta gidanmu ta fara. Daga ranar na daina bi ta gefen tabarmarsa. In an ba ni abincinsa sai in ce cikina ke ciwo. Har leƙen hannuwansa nake daga nesa ko zan ga shaidar cizo.

Kaka ba ta da karatun boko ko na harafi ɗaya, amma ba abin da ke wuce ta a gidan nan. Wata yamma tana tsefe mini kai, ta riƙe ni tsakanin gwiwoyinta yadda ba ni da wurin gudu, sai ta ce, “Me ya haɗa ki da mijin naki?” Na ce ba komai. Ta ja gashin kaɗan. Sai kuka ya ƙwace mini, na faɗa mata duka. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta kai ƙarar Yaya. Cewa ta yi in ɗauko littafin.

Ta riƙe shi nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido, ni ina buɗa mata ina ba ta labari. Ta yi ta tambaya. Waɗannan mutane ba su da maƙwabta ne? Wa ke yi wa matattun nan wanka da sutura, ko haka aka bar su? Da na nuna mata masu rigima a kan gwangwani, ta yi tsaki ta ce ta ga irin su da idonta a shekarar fari, ba sai an zana mata ba. Amma da muka zo kan tsoho mai taliya sai ta sa yatsa ta danne shafin. Ta daɗe tana kallon kwanon da ya ajiye a bakin lungu. Ta ce, “Wannan ya yi zaman aure.”

Ta rufe littafin ta ajiye a cinyarta. “Na cikin takardarki cizo suke yi. Naki ya cije ki?” Na ce a'a. Ta ce, “Da me ma zai cije ki? Haƙora nawa suka rage masa?” Na yi dariya da hawaye a fuska. Sai ta ci gaba da tsifa, tana magana a saman kaina. Ta ce gigin tsufa ne, ba cuta ce mai yaɗuwa ba. Ta ce Baba Tsoho mota ce da ta yi doguwar tafiya da kaya fiye da ƙarfinta, yanzu ta zo hawa, dole ta riƙa sauke kaya ɗaya bayan ɗaya. “Ya sauke sunanki. Gobe yana iya sauke nawa. Ke dai ai ba ki sauke nasa ba. Tashi ki kai masa shayi.”

Na kai. Na durƙusa na miƙa masa. Bai gane ni ba ranar, ya dai yi godiya. Kwana biyu bayan haka ya ce mini amarya, ya kuma yi barazanar saki, har na ji kamar an ba ni kyautar Salla. Haka abin ya zama, yau yana nan, gobe ya yi nisa.

Da sanyi ya wuce, sai fita ta fara. Sai a waiga a ga tabarma babu kowa. Da farko a bakin masallaci ake samun sa, ko wajen mai gyaran taya. Rannan kuwa tun safe har la'asar ba a gan shi ba. Wani maƙwabcinmu Ba'abzine ne ya tsince shi can bayan gari a hanyar kudu, babu takalmi, leɓɓansa sun bushe, ya sako shi a motarsa ya kawo. Baba ya yi ta godiya. Washegari ya dawo daga kasuwa da sabon kwaɗo a aljihu.

Kada ka ɗauka Baba mugu ne. Tsoro ne. Ga motoci, ga rana, ga shi tsohon ba ya iya faɗin sunan unguwarsa, kuma baƙon da hukuma ta tsinta a hanya babu takarda a jikinsa, Allah kaɗai ya san inda za a sauke shi. Baba ya ce a riƙa kulle ɗakin daga ya fita kasuwa har ya dawo, Kaka ta riƙe makulli don abinci da alwala.

Kwanakin nan ba na son tuna su. Baba Tsoho ba ya ihu. Tafin hannu yake sa wa ƙyauren, yana bugawa a hankali, ya huta, ya sake. Wani lokaci sai ka ji yana cewa, “A buɗe, bayin Allah, rana tana yi.” Inna, wadda ko ido ba ta haɗawa da surukinta saboda kunya, sai ta shige ɗakin girki tana share hawaye da bakin zane. Kaka kuwa ta ja tabarmarta zuwa bakin ƙofar ta zauna, tana yi masa hira ta tsagar ƙyaure. Ni kuma bugun nan ya koma mini irin na cikin littafi, sai dai wannan karon na rasa gane wane ne abin tsoro, na ciki ko mu na waje. Baba Tsoho ya rage cin abinci. Idanunsa suka faɗa.

Ni ce na kawo maganar ƙararrawa. Wata safiya ana shan shayi kafin Baba ya fita, na yi ta maza na ce me zai hana a yi yadda tsoho mai taliya ya yi. Yaya ya taka mini ƙafa, don na tona asirin littafin. Baba ya ce wane mai taliya kuma. Kaka ta ce, “Ƙararrawa? Akuyar ƙauye ce shi?” Na sunkuyar da kai. Amma sai na ga tana juya kofi a hannu. Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwatin ƙarfe. Ta fito da wani tarin makullai a zoben waya, sun fi ƙarfin tafin hannuna: na motocin da ya tuƙa, na akwatunan kayan gyara, na ɗakunan da ya taɓa haya a garuruwan hanya. Babu ko ɗaya da ke buɗe wani abu a duniyar nan kuma. Ta girgiza su, suka yi kacau-kacau.

Kaka ba ta kiran sunan Baba, don shi ne ɗan fari. Ta dubi gefensa ta ce, “Kai mai shago. Wanda ya ratsa hamada da kai a kafaɗa, ba zai ƙare a bayan kwaɗo ba ina raye. Ka ba ni mako guda. In ya ɓace, ka kulle mu tare.” Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya dai tashi ya tafi kasuwa bai taɓa kwaɗon ba.

Da Kaka ta ɗaura wa Baba Tsoho makullan a mazagin wandonsa, sai ya shafa su, ya gyara zama, ya ce dama tun jiya yake neman su. Da yamma ta yafa mayafi ta kama hannuna muka zaga unguwa. Ta tsaya wajen mai burodi, da mai gyaran taya, da ladan, da matar Ba'abzinen nan, da samarin ƙasarmu masu aikin gini da ke kwana su da yawa a ɗaki ɗaya. Abu ɗaya take faɗa wa kowa: in kun ji makullai, namu ne, ku tsai da shi da hira, ku juyo da shi gida.

Haka unguwa ta koyi sautinsa. Sai ka ji kacau-kacau ya nufi bakin titi, sai kuma ka ji muryar mai gyaran taya: “Direba! Zo ka duba mini wannan tayar, ta gagare ni.” Sai ya tsaya ya yi ta ba da shawara har ya manta inda za shi. Mai burodi yakan ba shi ɗan gutsure mai zafi ya ce ya kai wa Kaka kafin ya huce. Mu yara in muna wasa muka ji shi, sai mu kama hannunsa mu ce ya raka mu gida, kare ya tare hanya. Mako ya wuce, wata ya wuce. Cinsa ya dawo. Kwaɗon yana rataye a jikin ƙyaure a buɗe.

Daminar Tam ba irin ta gida ba ce. Hadari yakan taru can kan duwatsu, ya zubar da ruwansa inda ba mu gani, mu nan rana tana dukan mu. Sai kawai ka ji wani ruri daga nesa, kafin ka ankara kori ya cika daga baki zuwa baki. Kowane yaro an ja masa kunne: in ka ga duwatsu sun yi baƙi, kada ka taka rairayin nan.

Ranar, zafi ya kwantar da kowa bayan azahar. Shagunan unguwa a rufe, ko'ina tsit, har Kaka barci ya sace ta a zaune. Ni na fara farkawa, na ga tabarma babu kowa. Na leƙa waje, ban ji makullai ba. Na ɗaga kai, sai na ga arewa ta yi baƙi ƙirin. Ihun da na yi ne ya ta da gidan. Yaya ya ruga kasuwa kiran Baba, ni da Kaka muka nufi kori, tana gudu irin wanda ban taɓa sanin tana iyawa ba. Tun kafin mu isa muka ji rurin.

Ruwan yana wucewa ja kamar kunun kanwa, ɗauke da rassa da tayoyi da wata tunkiya ƙafafu a sama. A bakin gaɓa, inda ake wani gini, mun hango samari sun yi da'ira. Baba Tsoho yana tsakiyarsu zaune a kan bulo, rigarsa jiƙe har ƙugu. Ɗaya daga cikinsu, wani ɗan Maradi, ya ce suna hutawa a inuwar katanga suka ji makullai can ƙasa cikin kori, a daidai lokacin da suka ji ruwa yana tafe. Su biyu suka dira suka ɗauko shi cak, ruwan ya cim musu a gwiwa. Kaka ta zube a ƙasa, bakinta yana motsi, ba abin da ke fita sai sunan Allah.

Sai ga Baba ya iso a guje, hula a hannu. Ya durƙusa gaban mahaifinsa yana haki. Baba Tsoho ya dube shi da idanun nan na baƙo, ya kama hannun rigarsa ya ce, “Malam, don Allah ko ka ga yarona? Ɗan ƙarami ne, da jar taguwa. Tun safe nake neman sa.” Sa'an nan ya faɗi sunan yaron. Sunan Baba ne. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, kuma daga baya Baba ya ce shi ma bai taɓa ji ba.

Sai Baba ya ce, “Na gan shi, Baba. Yana gida. Ya ci abinci, yana barci.”

“Ka tabbata?”

“Da idona na gan shi. Taso in kai ka wurinsa.”

Baba Tsoho ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka. Baba ya juya ya goya shi, kamar yadda ake goya yaro, muka biyo su a baya har gida.

A hanya ne Kaka ta faɗa mini abin da ban sani ba. A shekarar da suka baro gida, sun yada zango a tashar Agadas, cikin taron mutane masu gudun yunwa. Nan Baba ya ɓace, yana ɗan yaro da jar taguwa. Baba Tsoho ya yini yana zaga tasha da kasuwa, yana tare duk wanda ya gani, har gab da magariba ya same shi yana barci a ƙarƙashin rumfar wata mai tabarmi. Bai taɓa ba da labarin ba, kuma ya hana ta bayarwa. Ta ce, “Duk ya sauke kayansa, wannan ne ya ƙi saukuwa.”

Tun daga ranar Baba ya riƙa rufe shago da wuri. In la'asar ta yi sanyi sai ya kama hannun mahaifinsa su fita tare neman yaro mai jar taguwa. Su zaga ta masallaci, su bi ta wajen mai burodi, su tambayi mai gyaran taya, wanda kullum yake cewa yanzun nan ya ga ya yi gida. Sai su dawo. Wata rana nakan bi su. Ba su cika magana ba. Amma ban taɓa ganin Baba kusa da ubansa kamar a watannin nan da uban bai san ko shi wane ne ba.

Sanyi na biyu bayan wannan ne Allah ya karɓi abinsa, Baba Tsoho ya rasu da safe, a kan tabarmarsa, rana tana dukan ƙafafunsa. Unguwa duka ta raka shi, har da samarin gini da ƙurar siminti a gashinsu. Littafin kuwa ban taɓa sanin ƙarshensa ba. An yi wa uban abokin Yaya canjin wurin aiki, suka koma arewa da kashin da ya rage. Yaya ya yi ta baƙin ciki, ni kuwa ban damu sosai ba.

Yau unguwar nan ba za ka gane ta ba. An shimfiɗa kwalta inda muke wasa, taksi suna wucewa kamar ana korar su. Katangu sun yi tsawo, ƙofofi duk na ƙarfe ne, kuma rabin masu haya ba sa shekara sai su tashi. Ni kaina ban san sunan wanda ke gida na uku daga nawa ba. Kaka ta daɗe da bin mijinta. Baba ya bar wa Yaya shago, gemunsa ya yi fari tas, yanzu shi ke bin rana a gindin katanga. Hankalinsa garau yake, alhamdulillahi, sai dai ɗan neman tabarau alhali suna kan hancinsa.

Makon jiya na je gaishe shi, ina dafa masa shayi, yana kallon motoci ta ƙofar da aka bari a buɗe. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, “In nawa gigin ya zo, ku kulle ni kawai. Garin yanzu ba na da ba ne, babu mai tsai da ni da hira. Kada ku wahalar da kanku.”

Na san akwai gaskiya a maganarsa, shi ya sa ta yi mini nauyi. Na ɗaga buta sama na tsiyaya har kumfa ya cika kofin, na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, “Sha shayinka, Baba. Ƙafafuna lafiyarsu lau, ni zan riƙa zagawa da kai.”